Yadda Ake Shirya Kayan Ilimantarwa ga Masu Sankarar Jini da Masu Jinyarsu

Mai sankarar jini, ko da ya yi makonni a gadon asibiti, yawancin jinyarsa a gida ake yin ta. A sa masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a sallame shi, ya hau mota ya koma Gumel ko Funtuwa ko Argungu, sai kuma ranar da aka rubuta masa a kati. Tsakanin sallama da dawowar nan ne garkuwar jikinsa take faɗuwa, nan ne zazzaɓi yake zuwa da tsakar dare, nan ne maƙwabta suke kawo shawara iri-iri. Likita ba ya nan. Wanda ke nan uwa ce, ko mata, ko ƙanen da ya rufe shagonsa ya zo zaman jinya. Don haka duk takarda ko saƙon murya da za ku shirya, ku auna shi da tambaya ɗaya: zai gaya wa wannan mutumin abin da zai yi a daren nan kuwa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yaran da suka kamu da sankara suna warkewa, amma a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi ba su kai kashi 30 ba. Shi ya sa a 2018 ta ƙaddamar da shirin da ke neman kai adadin zuwa kashi 60 nan da 2030. Rashin kuɗi da rashin magani suna cikin dalilan wannan tazara, kuma takarda ba za ta magance su ba. Amma akwai dalilai biyu da bayani mai kyau yake taɓawa kai tsaye: barin magani a tsakiya, da mutuwa daga cutar da ta shiga jiki lokacin da kemo ya raunana shi. A kan waɗannan biyun ya kamata nas, ko mai harhaɗa magani, ko ɗan ƙungiyar sa-kai ya gina aikinsa.

Mataki na farko: ku saurara kafin ku rubuta

Ku nemi izinin shugaban sashen, ku zauna a bencin masu jira ranar asibitin jini, ku yi hira da mutane ɗaya bayan ɗaya. Kada ku tambaye su abin da suke so su sani, domin kunya za ta sa su ce babu komai, sun gode. Ku tambaye su abin da ya faru: yaya aka yi bayan allurar da ta wuce, wa aka fara kira da jikin ya yi zafi, me aka ba shi, wa ya biya kuɗin mota. Ku rubuta maganarsu yadda suka faɗe ta. Za ku ji tambayoyin da ba sa iya yi wa likita a minti biyar ɗin da suke samu. Ana warkewa? Ana ɗauka? Gado ne, sauran yaran ma za su yi? Sammu ne? Zan iya kwana da mijina? Zai iya azumi? Waɗannan su ne kanun bayananku, ku bar su a siffar tambaya kamar yadda aka yi su.

A hirar nan ku gano wanda ke yanke hukunci a gidan. Sau da yawa wadda ke zaune a gefen gado ba ita ke da ta cewa ba. Mai gida ne, ko kawun da ke turo kuɗi daga Legas, ko kakar da maganarta ba ta faɗuwa ƙasa. Wannan mutumin wataƙila bai taɓa taka asibitin ba, kuma shi ne zai ce a daina, an gaji. Ku ware masa nasa saƙon, gajere, wanda za a iya tura masa ta waya.

Mataki na biyu: kada ku cusa duka cututtukan a takarda ɗaya

Sankarar jini suna ne da ya haɗa cututtuka masu hali daban-daban, kuma shawarar da ta dace da ɗaya tana iya ruɗa mai ɗayar. Ku yi wa kowace nata shafin, ku fitar da saƙo guda da ya fi kowane muhimmanci.

Lukemiya mai saurin tashi da ta fi kama yara, wadda likitoci ke rubutawa ALL, maganinta yana ɗaukar shekara 2 zuwa 3. Bayan watan farko yaro kan murmure, ya ci abinci, ya fita wasa, gwaji ya nuna jinin ya gyaru. A nan ne iyaye da yawa suke ganin an gama. Saƙon shafinta shi ne: samun sauƙi ba warkewa ba ne, akwai sauran ƙwayoyin cutar da gwaji ba ya gani, kuma idan ta dawo ta fi wuyar magani.

Limfomar Burkitt, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, tana yawan kama yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, ta kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni. Tana jin magani ƙwarai, har kumburin kan saɓe bayan zagayen kemo na farko. Wannan saurin saɓewar shi ne tarkon. Ku rubuta adadin zagayen da likita ya tsara, ku zana akwatuna daidai adadin, a riƙa cike ɗaya duk zuwa.

Lukemiya mai tafiya a hankali da ake kira CML ta manya ce galibi, kuma tun da aka amince da ƙwayar imatinib a 2001 masu ita da yawa suke rayuwa shekaru suna sana'arsu. Saƙonta: kullum, da abinci, da babban kofin ruwa, ba fashi, kuma mace ta yi magana da likita kafin ta ɗauki ciki. Gidauniyar Max ta daɗe tana samar da wannan magani kyauta ga marasa lafiya a Najeriya ta hannun asibitin koyarwa na Ile-Ife. Ku tabbatar da yadda tsarin yake a yanzu kafin ku buga, sannan ku sa shi a shafin, domin akwai masu sayar da gona su sayi abin da za su iya samu ba ko sisi.

Mayeloma kuwa ta dattawa ce, tana cin ƙashi tana taɓa ƙoda. Mai ita yakan shekara yana shan maganin ciwon baya na kemis kafin a gano. Shafinta ya ce a sha ruwa sosai sai in likita ya taƙaita, a guji ibuprofen da diclofenac, kuma in ƙafafu suka fara rasa ƙarfi ko fitsari ya ƙi riƙuwa a taho asibiti a ranar.

Mataki na uku: katin gaggawa shi ne farko

In kuɗinku na abu ɗaya ne tak, ku yi wannan. Kati ne daidai aljihu, a lulluɓe shi da leda don kada gumi ko ruwa su ɓata shi. Dalilinsa shi ne kemo yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, kuma sukan fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa maganin, wato daidai lokacin da mara lafiya yake gida. A wannan halin zazzaɓin da lafiyayye zai kwana da shi ya tashi garau yana iya kai mai kemo ga halaka cikin awoyi. Ƙa'idar likitoci ita ce a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya da isowarsa asibiti.

Ga irin abin da fuskar katin za ta ɗauka:

"Ku taho asibiti yanzu, ko da dare ne, kada ku jira safiya, idan: zafin jiki ya kai 38, ko yana rawar ɗari, ko haɓo ko jinin dasashi ya ƙi tsayawa bayan an danne minti 10, ko bayan gida ya yi baƙi ko da jini, ko numfashi ya yi wuya, ko amai ko gudawa sun hana shi riƙe ruwa, ko ya rikice, ko ya ƙi farkawa sosai. Kada a ba shi paracetamol kafin a auna zafin. Kada a tsaya a kemis."

Ku lura ba a ce "a tuntuɓi likita" ba. An faɗi inda za a je da lokacin da za a je. A ƙasa a sa lambar waya biyu da sunan ƙofar da za a shiga in dare ne. Lambar kuwa ta zama wadda ake ɗagawa. Ku kira ta da kanku ƙarfe biyu na dare kafin ku kai wa mai bugu, domin lambar da ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba tana kashe amincewar iyali ga duk sauran abin da kuka rubuta.

Bayan katin na ma'aikacin lafiyar da za a fara tararwa ne, a babban asibitin garinsu ko wani wuri. A rubuta shi da Ingilishi, ko Faransanci in a Nijar ne: sunan cutar, ranar kemo na ƙarshe, rukunin jini, gargaɗin cewa zazzaɓi a wannan mutumin gaggawa ne, kada a yi masa allura a tsoka, kada a sa masa komai ta dubura, da lambar likitansa.

Kati ba shi da amfani in babu ma'aunin zafi a gidan. Ku sa kuɗin ƙaramin ma'auni mai batir a kasafinku, ku ba kowane iyali, ku sa mai jinya ta auna a gabanku ta karanta lambar. A jikin katin ku zana fuskar ma'aunin da 38.0 a kai, da jan layi, saboda wadda ba ta karatu tana iya kwatanta siffar lamba da lamba. Ku kuma yi maganar zazzaɓin cizon sauro ƙarara, tunda shi kowa zai fara zato: yana iya zama shi, yana iya zama shi da wani abu tare, a asibiti ne za a bambance.

Mataki na huɗu: ku shiga cikin gidan

A nan ne takardun da aka kwaso daga Ingila ko Amurka aka juya suke gazawa. Suna gargaɗi a kan abincin da ba ma ci, su yi shiru a kan wanzami. Mutumin da ƙwayoyin tsayar da jininsa suka yi ƙasa, ƙaho da tsaga da sakiya da cire beli da kaciya duk haɗari ne gare shi, ta fuskar zubar jini da ta shigar cuta. Ku ambace su da sunansu. Aski da aska a dakata, aswaki mai tauri a sauya shi da buroshi mai laushi, cire haƙori sai da sanin likitan jini. Aspirin, ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini, kuma suna ɓoye cikin magungunan ciwon jiki da ake haɗawa a ƙulle a leda, don haka ku rubuta cewa duk maganin da ba a san sunansa ba a bar shi.

Abinci ba ya bukatar dogon jerin haramci, wanda ba abin da yake jawowa sai rama. A dafa ya dahu, a ci da zafinsa, a tafasa ruwan sha. Nonon da ba a tafasa ba, tsiren da ya jima a kan tire, latas da kabejin bakin hanya, zoɓo da kunun aya na ƙulli, a haƙura da su a kwanakin da jini ya yi ƙasa. Tuwo da miya, ƙwai dafaffe, wake, kifi, kunun gyada, lemo da ayabar da aka wanke aka ɓare a gida, duk a ci.

Dubiya ita ce mai wuya, domin hana ta kamar yanke zumunci ne. Ku ba iyalin kalmomin da za su faɗa ba tare da sun ji nauyi ba: "Likita ya ce a gaisa daga ƙofa, a yi masa addu'a daga nan." Mai mura ko tari ya dakata. In wani yaro a gidan ko a makwabta ya yi ƙyanda ko ƙarambau, a kira asibiti a ranar ko da mara lafiyan bai nuna komai ba. Allurar rigakafi da ɗigon baki ga yaron da ke kan kemo sai an tambayi likitansa, kuma ku bayyana cewa saboda raunin garkuwarsa ne na wannan lokacin, don kada maganarku ta zama makamin masu kushe rigakafi.

Maganin gargajiya kuwa, in kuka rubuta shi da zagi, ɓoye muku za a yi, a ci gaba da sha. Abin da ya fi shi ne a raba: addu'a da tofi da sadaka babu mai hana su, abin da za a sha ko a shafa a rauni, a kawo shi a nuna wa likita ko mai harhaɗa magani tukuna, saboda wasu jiƙe-jiƙen suna wahalar da hanta da ƙoda, su kuma su ne ke fitar da kemo daga jiki. Batun azumi ku nemi malamin da jama'a ke girmamawa ya yi bayanin rangwamen da Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya, da muryarsa. Ga iyalan Kirista ku nemi fasto ya yi irin wannan a kan azumi da addu'ar neman waraka.

Ku ƙara ɗan sashe a kan lafiyar mai jinyar kanta: safar hannu wajen kwashe amai ko fitsari a awa 48 na farko bayan kemo, wanke kayan da suka ɓaci daban, mai juna biyu kada ta taɓa ƙwayoyin maganin kemo da hannu. Ku kuma faɗa mata a rubuce cewa cutar ba a ɗaukarta, ba laifin kowa ba ce, kuma neman wanda zai karɓe ta ta yi barci ba gazawa ba ne. Na ga matan da wannan layin kaɗai ya sa su kuka, domin ba wanda ya taɓa ce musu haka.

Mataki na biyar: jadawalin magani

Shafi ɗaya na wata ɗaya, kwanaki a jere, da hoton rana da na wata don safe da dare. Sunan magani a rubuta shi daidai yadda yake a jikin kwali, harafi da harafi, don a iya kwatantawa, a manna hoton ƙwayar kusa da shi. Wuri ɗaya yana bukatar jan alƙalami: a zangon ƙarshe na maganin ALL, mercaptopurine kullum ake sha, methotrexate kuwa sau ɗaya a mako. Wanda ya juya su ya sha methotrexate kullum yana iya rasa ransa. Ku ba ranar methotrexate launi na daban, ku sa a ajiye shi a wani mazubi dabam.

A gefen jadawalin ku faɗi abubuwan da za su faru waɗanda ba na tsoro ba ne, don kada su kori mutane: doxorubicin kan mayar da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, gashi kan zube ya sake fitowa, prednisolone kan sa ci da kumburin fuska da saurin fushi kuma ba a yanke shi kwatsam bayan an daɗe ana sha, vincristine kan ƙulle ciki.

Mataki na shida: harshe, rubutu da murya

Jimla gajera, umarni ɗaya a kowace, haruffa manya kamar girma 14. Ku zauna ku amince da kalma ɗaya ga kowane abu, likita da nas da takarda duk su riƙa faɗin ta, don kada a ce "ƙwayoyin garkuwa" a ɗaki a ce wani abu a kati. Bayanin cutar kansa sakin layi ɗaya ya isa: ɓargo gona ce da ke fitar da jini, cutar ciyawa ce da ta mamaye ta, kemo yana kashe ciyawar amma yana taɓa shuka, shi ya sa jini ke yin ƙasa kafin ya farfaɗo, shi ya sa kuma ba a yin noma ɗaya a ce an gama.

Ku aika wa mai bugu a PDF ku duba gwajin farko da ido, saboda ƙ da ɗ da ɓ sukan koma akwatuna a wasu kwamfutoci. Katin gaggawa ku yi masa na ajami. Dattawa da yawa da za su ce ba su iya karatu ba, boko suke nufi.

Sannan ku mayar da kowane shafi murya. Saƙo ɗaya, batu ɗaya, kada ya wuce minti biyu, a fara da sallama da sunan sashen asibitin da ya fitar da shi don a bambanta shi da tarkacen da ke yawo a WhatsApp. Batun haila da ciki da kwanciyar aure a ba mace ta karanta wa mata, namiji ya karanta wa maza. Wanda ba shi da data a tura masa ta Bluetooth ko a sa masa a memori tun yana asibiti.

Mataki na bakwai: dubawa da gwaji

Likitan jini da mai harhaɗa magani su karanta kowane layi su sa hannu. Amma in sun nemi a mayar da dogayen kalmomin da kuka cire, ku tsaya kai da fata. Aikinsu su tabbatar babu kuskure, naku ku tabbatar ana ganewa.

Daga nan ku gwada da mutum 5 zuwa 10 da ba su da hannu a shirin, har da marasa karatu. Kada ku ce "kin gane?", domin amsar kullum "na gane" ce. Ku ɗora nauyin a kanku:

"Inna, ina so in tabbatar na yi bayanin daidai. A ce yau da dare kin taɓa shi kin ji zafi, me za ki fara yi?"

"Sai in ba shi farasitamol, in jiƙa tsumma in goga masa, in Allah ya kai mu safiya mu taho."

"To Inna, ashe ban fito da shi sosai ba. Bari mu sake duba katin tare."

In mutum biyu suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, wurin ne za a gyara. Hotuna ma a gwada su ba tare da rubutu ba: a nuna, a tambaya me ake gani.

Mataki na takwas: izini, kuɗi da sabuntawa

Labarin wanda ya gama magani ya koma makaranta ko kasuwa ya fi kowace ƙididdiga ƙarfi, amma sai da izininsa a rubuce, ko na iyaye in yaro ne, bayan an gaya masa cewa abin da ya shiga waya ba ya dawowa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Hoton yaro a rame don a jawo tausayi ba shi da wuri a kayan ilimantarwa.

Kada ku yi alkawarin warkewa, kada kuma ku ɓoye maganar kuɗi. Farashi yana sauyawa, saboda haka ku bar gurbi a cike da biro, ku nuna ofishin walwalar marasa lafiya da inda ake tambayar inshora. Ku gaya wa iyali tun farko cewa za a bukaci jini sau da yawa, su tanadi masu bayarwa daga dangi da abokai da masallaci ko coci, da lambobinsu a bayan jadawalin. Shafin kula da wanda cutarsa ta wuce magani, da bayanin morphine da rage raɗaɗi, a shirya shi daban, likita ko nas su miƙa shi hannu da hannu bayan an zauna an yi magana. Ba a ajiye irinsa a kan tebur.

Ranar farko da aka faɗi sunan cutar mutane ba sa riƙe komai, don haka katin gaggawa da saƙon murya ɗaya sun isa. Sauran a riƙa bayarwa zuwa bayan zuwa. Kowane shafi ya ɗauki watan da shekarar da aka buga shi a ƙasa. Ku sa wa mutum ɗaya alhakin duba su duk shekara, da kuma duk lokacin da lambar waya ko tsarin magani ya sauya, ya bi ɗakuna ya kwashe tsofaffin kafin a ajiye sababbi.